Kafin ka ƙi inshorar kamfanin hayar mota, san abin da katin kiredit ɗinka zai biya

Duk wanda ya taɓa hayar mota a filin jirgi ya san wannan lokacin, ka sauko a gajiye kana jan jaka, ma'aikacin kamfanin haya ya fara jero maka inshora kala-kala yana cewa ko ƙarcewa motar ta yi kai za ka biya, kuma kuɗin inshorar nan kullum-kullum ake lissafa shi, in ka yi sati ɗaya sai ka ga ya tara maka kuɗi mai yawa a kan na hayar. Mutane da yawa suna biya alhali katin da ke aljihunsu ya riga ya ba su wannan kariyar. Wasu kuma sun ji labari sama-sama cewa "ai katina na da inshora" sai su ƙi komai, ranar da abu ya faru su gane ba su cika sharuɗɗa ba. Waɗannan na biyun su suka fi ba ni tausayi gaskiya, shi yasa na zauna na rubuta wannan.

Abu na farko da za ka riƙe a ranka: inshorar da katin ke bayarwa, ita motar hayar kawai take karewa. In an buge ta, in ta lotse, in an sace ta, nan ne kati ke shigowa, wato madadin abin da kamfanonin haya ke rubutawa CDW ko LDW a takardarsu, inshorarsu ta lalacewa ko satar motar. Amma in kai ka buge motar wani, ko ka ji wa mai tafiya a ƙafa rauni, ko ka rushe katangar mutane, galibin katuna ba ruwansu. Kuma wannan ɓangaren shi ne mai cin kuɗi na gaske, don gyaran bodi yana da iyaka, kuɗin asibitin wani da shari'a kuwa Allah kaɗai ya san inda zai tsaya. Saboda haka tambayi kamfanin haya ko an sa inshorar ɓarnar da ka yi wa wasu a cikin farashin. A ƙasashen Turai doka ta sa tana ciki, a Amurka kuwa abin ya danganta da jiha kuma sau da yawa ɗan kaɗan ne, in ba ka da inshorar motarka da ke bin ka zuwa motar haya to wannan kam saye ta, kar ka yi rowa a nan.

Sai ka binciki wane iri ne katinka ke da shi, don iri biyu ne. Akwai mai shiga gaba, da an yi haɗari shi zai biya kai tsaye ba sai ka taɓa inshorar motarka ta gida ba. Akwai mai biyo baya, wanda sai inshorarka ta fara biya sannan shi ya cike ragowar, kenan sai ka fara neman diyya wajen kamfanin inshorarka, kuma hakan na iya sa su ƙara maka kuɗi shekara mai zuwa. Misali a Amurka, katunan Chase Sapphire Reserve da Capital One Venture X masu shiga gaba ne har dala 75,000, su kuwa yawancin katunan American Express na can masu biyo baya ne sai dai ka yi rajistar wani tsari nasu da ake biya duk hayar da ka yi. In ba ka da mota balle inshorarta, galibi mai biyo bayan shi zai ɗauki nauyin tunda ba wanda ke gabansa.

To yaya ake kunna ta? Sharuɗɗa biyu ne kuma a nan mutane ke faɗuwa. Ka biya kuɗin hayar gaba ɗaya da wannan katin, ba rabi da shi rabi da wani ba, kuma sunanka ne zai kasance a takardar haya. Sannan ka ƙi CDW ko LDW ɗin kamfanin. In ka karɓi nasu, da yawan katuna sun janye kenan. Kar ka tsaya a faɗa da baki, duba takardar kafin ka sa hannu, don wani lokaci an riga an cusa ta ciki kai kuma gajiya ta sa ka sa hannu ba ka karanta ba. Duk wanda zai taɓa sitiyarin motar, matarka ce ko abokin tafiya, a rubuta sunansa a takardar a matsayin ƙarin direba, in ba haka ba ya yi haɗari ba mai biya.

Kafin tafiya, ba ranar tafiya ba, nemo takardar bayanin alfanun katin a shafin bankinka ka karanta sashen hayar mota. Na san rubutun ƙanana ne mai gundura amma minti goma ya isa. Duba yawan kwanaki, tsarin Visa da aka saba shi ne kwana 15 a ƙasar da kake zaune da kwana 31 a waje, in hayarka ta wuce adadin ba wai ranakun da suka haura kaɗai za ka rasa ba, hayar duka na iya fita daga kariya. Duba ƙasashe kuma, wasu katunan Visa sun cire Ireland da Isra'ila da Jamaika, American Express na Amurka ya cire Italiya da Ostireliya da New Zealand. Sai irin motar: babur, motar ɗaukar kaya, babbar bas, motocin ƙawa masu tsadar gaske da tsofaffin motocin tarihi duk yawanci ba sa ciki, haka hayar motar wani mutum ta manhaja irin Turo katuna da yawa ba sa lissafa ta a matsayin kamfanin haya. Sharuɗɗan nan bankuna na canza su, wanda ka karanta shekara biyu da suka wuce kar ka dogara da shi.

Wata dabara da nake ba kowa shawara: kira lambar da ke takardar bayanin alfanun katin ka ce su turo maka wasiƙar shaida cewa katinka na da wannan inshorar, da sunanka a jiki. A wasu ƙasashe ma'aikacin haya ba zai yarda ka ƙi inshorarsu ba sai ya ga wasiƙar. Kuma ka shirya, in ka ƙi nasu sukan riƙe kuɗi mai kauri a katinka a matsayin jingina har ka dawo da mota, don haka ka tabbata akwai sarari a katin.

Ranar karɓar mota zagaya ta da waya, bidiyo da hoto, bamba gaba da baya, ƙofofi, madubi, gilashi, tayoyi da rim, har rufi. Duk ƙarce da ka gani a rubuta a takarda. Ranar maidawa ma haka. Kuma ka bi dokar takardar haya, tuƙi a buge ko shiga da mota daji inda ba titi yana kashe inshorar nan take.

In kuma tsautsayi ya faɗa, sanar da kamfanin haya, nemi rahoton 'yan sanda in haɗarin ya shafi wani ko sata ce, sannan ka kira masu kula da inshorar katin a ranar ko washegari. Akwai wa'adi, a wasu katunan Visa kwana 45 ne, in ya wuce shikenan. Sau da yawa kamfanin haya zai fara cire kuɗin gyara daga katinka ne sannan daga baya a maido maka, kar hankalinka ya tashi. Tara takardar haya ta farko da ta ƙarshe, rasit, bayanin banki da ke nuna da katin ka biya, hotuna, lissafin gyara dalla-dalla da wasiƙar da kamfanin ya nemi kuɗi da ita. Inda aka fi samun ja-in-ja shi ne kuɗin kwanakin da motar ta yi a gareji ba ta aiki, masu kula da inshorar katin sukan ce sai kamfanin haya ya kawo rajistar motocinsa da ke nuna da gaske ya yi asara, shi kuma kamfanin yana jan ƙafa. Nemi wannan takardar tun ranar farko ta imel, kuma duk maganar da kuka yi a waya ka bi ta da imel ɗin da ke ɗauke da lambar fayil ɗinka da kwanan wata.