Yadda ake musanya babban mai bugu da yara masu jifa a besbol, in kai ne mai ƙungiya

Na san a nan Garwa in ka ce besbol sai a tambaye ka wane irin balo ne wannan, mu Coton Sport muka sani da filin Roumdé Adjia. Ni ma ƙanena da ke tuƙin tasi a Bronx ne ya jefa ni ciki, tun yana turo min gajerun bidiyo har na koma ina zama sha biyun dare ina jiran wasan Yankees a waya, in wasan Kalifoniya ne kuwa sai ukun dare, in reso ya yarda kenan. Yanzu mun kai mu takwas a kartiyenmu da ke buga wasan nan na haɗa ƙungiya a intanet, kuma rigimar da ba ta ƙarewa wajen mai shayi ita ce wannan, mutum yana da tauraro mai bugu, wato mai dukan ƙwallo da sanda, an zo masa da yara biyu ko uku masu jifa, wato masu wurgo wa mai bugu ƙwallon, ya bayar ko ya riƙe? Toh ga yadda nake auna abin, kuma daga cinikin da manyan ƙungiyoyin Amurka suka yi na koya.

Da farko ka gane ba kamar balo ba ne. Lokacin da Vincent Aboubakar ya bar Coton Sport ya tafi Valenciennes a 2010 kuɗi aka yi magana. A MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, yawanci mutum ake bayarwa a karɓi mutum, kamar ka kai bijimi kasuwar shanu ta Adumri ka dawo da maruƙa huɗu, ka san dai ba duka ne za su kai ba, wani ciwo zai ɗauke shi, wani ya tsumbure, amma in biyu suka girma ka ci riba.

Abu na farko da zaka duba shine shekara nawa suka rage wa tauraronka. Wannan shine kan maganar wallahi, sauran duk biyo baya suke. Doka a can ita ce ɗan wasa sai ya cika shekara 6 a babban rukuni kafin ya samu 'yancin tafiya inda ya ga dama, shekara ukun farko kusan mafi ƙarancin albashi yake ci, dala 740,000 a 2024, daga nan albashi ya rinƙa hawa. Kaga kenan yaro mai jifa da bai fara ba yana ɗauke da shekara shida masu araha, shi kuwa tauraron da ya rage masa shekara ɗaya ko wata biyu, haya kawai mai saye zai yi. Dubi Juan Soto, sau biyu aka musanya shi. A watan Agusta 2022 bayan ya ƙi tayin dala miliyan 440 na shekara 15, Washington ta ba San Diego shi yana da sauran shekara biyu da rabi, ta kwashi MacKenzie Gore da Jarlin Susana masu jifa, ga CJ Abrams ga James Wood ga Robert Hassell, kusan duk kan yaran gidan aka yashe. Da San Diego ta zo sayar da shi a Disamba 2023 saura shekara ɗaya, kayan da ta samu sun ragu sosai duk da mutumin bai canza ba. Don haka in har ka san ba zaka iya riƙe shi ba, kar ka tsaya sai rana ta faɗi, ka sayar tun da sauran lokaci a jikinsa. Kasuwar tsakiyar kaka tana rufewa ne wajen ƙarshen Yuli, kuma a kwanakin nan ne mai neman kofi yake rasa haƙuri ya biya da tsada.

Na biyu, kar ka taɓa ba da babban mai bugu a kan mai jifa guda ɗaya tak. Dalili a jiki yake. Mai bugu yana fita kusan kullum a wasanni 162, mai jifan farko kuwa, wato mai buɗe wasa, sau ɗaya a kwana biyar, kuma aikinsa shine ya wurga ƙwallo da gudun da ya haura kilomita 150 a awa, sau tamanin sau ɗari a dare ɗaya, jijiyar gwiwar hannu ba a halicce ta don wannan ba. In ta tsinke sai tiyatar da ake kira Tommy John, sunan mutumin da Dakta Frank Jobe ya fara yi wa a 1974, kuma daga ranar sai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin ka sake ganin yaronka a fili. Detroit ta ba Mets Yoenis Céspedes ranar 31 ga Yuli 2015 ta karɓi Michael Fulmer da Luis Cessa, Céspedes ya buga hom-ron 17, wato bugun da ke tsallake da ƙwallo bayan katangar fili, cikin wata biyu ya taimaka Mets ta kai wasan ƙarshe, Fulmer kuma ya zama gwarzon sabbin 'yan wasa na rukunin Amurka, ɗaya daga rukunai biyun MLB, a 2016, kowa ya ce an yi cinikin da babu wanda ya faɗi. Zuwa 2019 Fulmer yana kan gadon tiyata, bai ƙara komawa yadda yake ba a matsayin mai buɗe wasa. Ni duk da haka ina ganin Detroit ta yi daidai, tunda hayar wata biyu ta bayar, amma ka ɗauka da a ce tauraro mai sauran shekara uku ta bayar a kan wannan hannun guda ɗaya.

Shi ya sa nake son tsarin da San Diego ta bi a cinikin Soto na biyu duk da kayan sun ragu. Masu jifa huɗu ta nema daga Yankees, Michael King da Drew Thorpe da Jhony Brito da Randy Vásquez, aka ɗora mata mai cafke ƙwallo a bayan mai bugu, Kyle Higashioka. King ba yaro ba ne sosai, ya riga ya goge a babban rukuni, kuma shi ne ya riƙe musu 2024 da kora 201, sau 201 kenan ya fitar da mai bugu da jifansa, da ERA 2.95, wato a duk zagaye tara, tsawon wasa guda, bai kai maki uku ake ci a kansa ba. Thorpe kuwa ko rigarsu bai sa a wasan gasa ba, cikin wata uku suka haɗa shi da wasu suka tura Chicago White Sox suka ɗauko Dylan Cease, wanda a Yulin shekarar ya yi wasa cur babu wanda ya samu bugu mai kyau a kansa. Wato yaro ko bai buga maka ba kuɗi ne a aljihu, kana iya sake kashe shi. Yankees su ma sun samu abin da suka biya, hom-ron 41 da zuwa wasan ƙarshe inda Dodgers ta doke su, sannan Soto ya tsallaka Mets a kan dala miliyan 765.

Na uku ka tambayi a wane mataki yaron yake. Ƙananan rukunai hawa-hawa ne, Single-A, High-A, Double-A, Triple-A. Ɗan shekara 18 da ke Single-A yana jifa kamar harsashi abin sha'awa ne amma tafiyarsa da nisa, wanda ya yi kyau a Double-A shi ne ka fara iya ƙirga shi a cikin garke. Ni in zan karɓi uku, ɗaya dole ya zama wanda zai iya hawa bana ko baɗi, ɗaya na tsakiya, na ukun ne nake yarda ya zama ɗan ƙarami mai ƙarfin hannu. Kuma kar ERA ta ruɗe ka a ƙananan rukunai, ka duba mutum nawa yake kora da mutum nawa yake ba kyautar tafiya saboda ya kasa saita ƙwallo. Mai kora da yawa amma baya saitawa, yawanci ƙarshensa mai karɓar jifa ne, wato wanda ke shigowa canji ya jefa zagaye ɗaya a ƙarshen wasa, wannan kuwa bai kai farashin tauraro ba.

Misalin da ke min ciwo har yau shine na Miguel Cabrera. Disamba 2007 Marlins ta ba Detroit shi da Dontrelle Willis, yana ɗan shekara 24 kacal, ta karɓi mutum shida, huɗu masu jifa ne, babbansu Andrew Miller wanda aka zaɓa na shida a duk ƙasar a zaɓen sabbin 'yan wasa na 2006. Miller ya yi shekara uku a wajensu ERA ɗinsa sama da 5 saboda matsalar saitin nan da na faɗa, sai bayan ya bar su aka mayar da shi mai karɓar jifa ya zama dodo, wasu suka ci moriyarsa. Cabrera kuwa ya ɗauki kambi uku a 2012, wato ya fi kowa a rukuninsa a manyan ma'aunan bugu uku, ya zama gwarzon shekara sau biyu a jere. Ɗan shekara 24 mai irin wannan bugun ba a sayar da shi malam, sai dai in aljihu ya ƙi gaba ɗaya. Wanda ya haura talatin, ko wanda wakilinsa ya nuna ƙarara kasuwa za su je, shi ake kaiwa. Texas ta yi haka da Mark Teixeira a 2007, Atlanta ta ba ta Neftalí Feliz da Matt Harrison da Elvis Andrus da wasu, da su ta je wasan ƙarshe a 2010 da 2011.

Sai takardun asibiti, kar ka ji kunyar nema. A cinikin Mookie Betts na 2020 Boston ta duba bayanan lafiyar Brusdar Graterol, mai jifan da za a ba ta, ta ja da baya, sai da aka sake zama aka canza kayan. Mu a wasanmu na waya ba mu da likita, amma kana iya buɗe shafin yaron ka ga zagaye nawa ya jefa a shekaru biyun da suka wuce, in ka ga wata uku babu labarinsa a tsakiyar kaka toh ka bincika, kafaɗa ta fi gwiwar hannu muni nesa ba kusa ba, wanda aka taɓa yi wa aikin kafaɗa ni bana sa shi a lissafi ko kyauta ne.

In kun gama magana da abokin cinikinka kar ka danna amincewa a daren, ka kwana tukuna, da safe ka rubuta sunayen a takarda, gefen kowane suna ka sa shekarunsa da matakinsa da tiyatar da ya sha, ka soke biyu daga ciki da biro kamar sun riga sun lalace, in wanda ya rage ya ishe ka sai ka kira shi ku rufe.