Yadda ake haɗa ƙungiyar NFL ba tare da mataccen kuɗi ya cinye ka ba

Yawancin masu fara koyon haɗa ƙungiyar NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, ko a wasan bidiyo na Madden ko a takarda don musu da abokai, da tunanin Firimiya suke shigowa. A zatonsu in ɗan wasa ya gaza sai a sayar da shi, a karɓi kuɗi, a sayo wani. A ƙwallon Amurka ba a sayar da ɗan wasa, musaya ake yi da wani ɗan wasan ko da gurbin zaɓe a diraf, wato zaɓen sababbin 'yan wasa da ƙungiyoyi ke yi bi da bi duk shekara. Sannan duk ƙungiyoyin nan 32 iyaka ɗaya ta jimillar albashin 'yan wasa aka gindaya wa kowacce: dala miliyan 255.4 a 2024, miliyan 279.2 a 2025. Komai arzikin mai ƙungiya, bai isa ya tsallake ta ba. Ba zan tsaya bayanin dokokin wasan ba, abin da za ka riƙe kawai shi ne kwatabak, wato mai jagorantar hari da jefa ƙwallo, da masu tare masa gaba.

Fara da sanin kuɗin da kake da shi na haƙiƙa. Ka buɗe shafin intanet na Over the Cap ko Spotrac, alƙaluman suna nan kyauta, kada ka biya kowa a kan wannan. Amma lambar da za ka gani a watan Maris ba taka ba ce duka. Daga buɗe shekarar gasa har zuwa dab da fara wasa a Satumba, kwantiragi 51 mafi tsada kawai ake lissafawa, alhali 'yan wasa 53 za ka riƙe, ga 'yan atisaye 16 da su ma sai an biya su. Ka cire kuɗin yaran da za ka ɗauka a diraf ɗin Afrilu. Ka ware wani abu saboda rauni, don babu ƙungiyar da ke gama kaka da mutanen da ta fara da su. Ni ba na taɓa miliyan goma na ƙarshe, kuma in ka bi tawa kai ma kada ka taɓa. Abin da ya yi saura ba ya ɓata, ana ɗora maka shi a kan na baɗi.

Mataki na biyu shi ne karanta kwantiragi, kuma a nan na ga kusan kowa yana faɗuwa. Da an ji "shekara biyar, miliyan 100" sai a raba, a rubuta miliyan 20 duk shekara. Wannan lamba ta 'yan jarida ce da wakilin ɗan wasa. Kai abu uku za ka nema: kuɗin sa hannu, albashin kowace shekara, da kuma wane ɓangare ne ke da garanti.

Ga misali na ƙirƙira don lissafi. Ka ba ɗan wasa miliyan 25 kuɗin sa hannu, albashi kuma 5, 10, 15, 20, 25. Miliyan 25 ɗin nan ya riga ya karɓa, tana asusunsa, amma a littafin iyaka ana rarraba ta a kan shekarun kwantiragin, kuma ba a wuce shekara biyar. Ke nan biyar-biyar. Nauyinsa a kanka zai zama 10, 15, 20, 25, 30. Shekarar farko ta yi daɗi, ka samu babban ɗan wasa a miliyan goma, har ka ga akwai sarari ka ƙaro wasu biyu irinsa.

To, ya yi shekara biyu, gwiwa ta tafi, kana so ka sallame shi. Miliyan 15 da ta rage daga kuɗin sa hannu ba ta bin sa ta tafi, gaba ɗaya take faɗo maka a wannan shekarar. Shi ake kira mataccen kuɗi: yana cin wuri a littafinka, mai shi kuwa yana gida ko yana buga wa abokan hamayyarka. Da ka riƙe shi nauyinsa 20 ne, da ka kore shi 15, ashe biyar kacal ka tsira da ita, wadda ba ta isa ka samo madadinsa ba. In kuwa ka yi gangancin sa wa albashin shekara ta uku garanti, korarsa 30 za ta ci maka, zamansa 20. Ka ga ya fi ƙarfinka ke nan, sai dai ya zauna a benci kana kallonsa. Musaya ma ba ta wanke ka, sabuwar ƙungiyar albashi take ɗauka, ragowar kuɗin sa hannu yana wuyanka.

Akwai sassauci guda. In aka sallami ɗan wasa bayan 1 ga Yuni, rabon bana kaɗai ke hawa kanka bana, sauran ya jira baɗi: a misalinmu 5 yanzu, 10 gaba. An yarda kowace ƙungiya ta sallami mutum biyu tun a Maris ta rubuta su a wannan sahu, sai dai sararin ba ya buɗe maka sai Yunin ta zo, lokacin da an gama kwashe na kirki a kasuwa. Masu koyo suna mantawa da wannan, su yi alƙawari da kuɗin da bai shigo ba.

Wanda yake ganin zuzutawa nake, ya dubi Denver Broncos. Sun karɓo Russell Wilson daga Seattle a 2022, suka ƙara masa shekara biyar a kan miliyan 245 tun bai buga musu wasan gasa ko ɗaya ba. A Maris 2024 suka sallame shi, sabon kwantiragin ma bai fara aiki ba, suka haɗiye mataccen kuɗi miliyan 85: 53 a 2024, 32 a 2025. Shi kuwa ya koma Pittsburgh a kan mafi ƙarancin albashi, kusan miliyan 1.2, saboda Denver ce ke biyan sauran. Cleveland ma ta ba Deshaun Watson miliyan 230 a 2022, kowane sisi da garanti, ta toshe wa kanta duk wata ƙofar fita. Saboda haka kafin ka amince da kowane kwantiragi, zana layi biyu a takarda, shekara-shekara: nauyinsa in yana nan, nauyinsa in ka kore shi. Shekarar da na biyun ya faɗo ƙasa sosai da na farko, nan ne ƙofarka. In ƙofar ba ta buɗe ba sai bayan mutum ya haura shekara 30, ka bar shi ya tafi, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kwatabak kaɗai nake ɗaga wa ƙafa.

Na uku, sake fasalin kwantiragi, dabarar da ke ruɗar mutane saboda tana kama da kuɗin tsintuwa. Koma ga ɗan wasanmu a shekara ta uku. Ka mayar da miliyan 12 daga albashinsa na 15 ta zama kuɗin sa hannu, a raba ta uku. Nauyin bana ya sauko daga 20 zuwa 12, ka samu sararin miliyan takwas nan take, shi ma yana murna don kuɗinsa ya shigo da wuri. Amma baɗi ya tashi zuwa 29, baɗin baɗaɗa 34, kuma in ka kore shi bayan wannan kakar mataccen kuɗin 18 ne maimakon 10. Tamkar cin bashi ne a wurin mai shagon unguwa: ka ɗauki kaya ka tafi, amma littafinsa yana nan. Wasu har shekarun gaibu suke liƙa wa kwantiragi, shekarun da kowa ya san ba za a buga su ba, don dai rabon ya ƙara faɗi. Philadelphia Eagles sun shahara da wannan kuma sun ɗauki Super Bowl, kofin ƙarshe na gasar, a Fabrairun 2025. New Orleans Saints ma sun yi ta yi, suka shafe shekaru suna shiga kowane Maris da gibi mai yawa bayan kwatabak ɗinsu Drew Brees ya yi ritaya. Dabarar tana tafiya ne muddin iyakar na hawa. A 2021, saboda korona, ta sauko daga miliyan 198.2 zuwa 182.5, masu turawa gaba suka ji a jikinsu. Ƙa'idata: ka yi wa matashin da ka tabbata zai kai ƙarshen kwantiraginsa, kuma a shekarar da kake ganin kofi da idonka. Don ka gama na uku a rukuni, a'a.

Sai ka duba wanda ke kwatabak ɗinka, domin shi zai faɗa maka irin ƙungiyar da za ka gina. Tun yarjejeniyar 2011 tsakanin gasar da ƙungiyar 'yan wasa aka ƙayyade albashin sababbin shiga: shekara huɗu, da zaɓin ta biyar ga waɗanda aka ɗauka a zagayen farko. Sam Bradford, na ɗaya a diraf, ya samu miliyan 78 a 2010, Cam Newton da ya zo na ɗaya bayan shekara guda ya tashi da 22. Brock Purdy, na ƙarshe a diraf ɗin 2022, ya kai San Francisco wasan ƙarshe yana karɓar ƙasa da miliyan ɗaya a shekara, a 2025 ya sa hannu a kan 265. In kana da irinsa mai araha, kashe kuɗi yanzu a kan masu tsaron gabansa da masu farautar kwatabak ɗin wasu, shekarun ba su da yawa. In kuwa ka riga ka biya shi, dole wani tauraro ya tafi. Kansas City ta ba Patrick Mahomes miliyan 450 a 2020, ta miƙa Tyreek Hill ga Miami a 2022 ta karɓi guraben diraf, ta ci Super Bowl biyu a jere.

Sauran ba wuya. Kada ka zuba manyan kuɗi a kan mai gudu da ƙwallo, jikinsu na saurin gajiya kuma diraf cike yake da su. Tambarin riƙo, wanda ke ɗaure ɗan wasa shekara guda, duka kuɗinsa bana yake hawa, ba a rarrabawa, in ka sake ɗaura masa karo na biyu kuma kuɗin na ƙaruwa da kashi 20 cikin ɗari. Washington ta yi wa Kirk Cousins sau biyu, ƙarshe ya tafi Minnesota. Kada ka yi rububin kwanakin farko na kasuwar Maris, lokacin da ake ɗaukar waɗanda kwantiraginsu ya ƙare. Wanda ya rasa 'yan wasa fiye da yadda ya ɗauka, gasa na iya ba shi ƙarin gurbi a diraf daga zagaye na uku zuwa na bakwai. A ƙarshen Agusta za ka rage 'yan wasanka daga 90 zuwa 53. Tsohon hannu mai kaka huɗu zuwa sama, in yana cikin jerinka a makon farko, yana da haƙƙin albashin shekarar ko ka kore shi daga baya. Wanda kake shakkarsa, ka sallame shi kafin nan, ka dawo da shi a mako na biyu.