Babi na Bakwai: Haɗa Karen Kiwo da Karen Gudu Domin Farauta

Duk wanda ya saba bin ayarin farauta da rani ya san karnuka iri biyu da suke ɓata wa iyayen gidansu rai. Akwai wanda da zarar zomo ya tashi zai cim masa, amma idan ya kama sai ya shige cikin sabara da shi, a yi ta kira ko waiwaye ba ya yi. Akwai kuma mai jin magana, wanda ba ya rabuwa da sawun ubangidansa, sai dai zomo ya fi shi ƙafa, kullum ya dawo yana haki bakinsa babu komai. Wannan babi zai yi bayani a kan yadda mutanen karkarar Ingila da Sikotland da Ayalan suka nemi haɗa ƙafar na farko da hankalin na biyu a jikin kare guda, da abin da mafarauci na ƙasarmu zai iya ɗauka daga aikinsu, da abin da ya kamata ya bar musu.

Iyayen guda biyu

Karen gudu shi ne wanda yake farauta da ido, ba da hanci ba. Yana da dogayen ƙafafu, da zurfin ƙirji, da ɗamammen ciki, kuma ba ya tara kitse. Mafi shahara a cikin irinsa shi ne girehawun na Ingila, wanda yake kaiwa kusan kilomita 70 a awa guda, yana kuma cinye tseren mita 500 cikin daƙiƙa 30 ko kusa da haka. Nauyinsa yana kamawa daga kilo 27 zuwa 40. Danginsa sun haɗa da wifet, wanda ya fi shi ƙanƙanta, da saluki na ƙasashen Larabawa da Farisa, da azawak na Abzinawa. An ɗauki ƙarnuka ana zaɓen girehawun saboda gudu kawai, don haka ya fito da rauni a wasu wurare. Fatarsa sirirya ce, ƙaya kaɗan take tsaga ta, yatsunsa suna gocewa ko su karye a ƙasa mai tauri, numfashinsa yana ƙarewa da wuri, sannan idan idonsa ya faɗa kan abin kora kunnensa ya toshe ke nan.

Karen kiwo kuwa an zaɓe shi ne saboda aiki tare da mutum. Wanda aka fi amfani da shi wajen wannan haɗi shi ne koli na kan iyakar Ingila da Sikotland, kare matsakaici mai nauyin kilo 14 zuwa 20, wanda makiyayi yake tsayawa a gindin tudu ya yi masa fito, shi kuma ya zagaye garken tumaki daga nesa ya koro su har gabansa. Yana wuni yana aiki a kan duwatsu cikin ruwa da sanyi, saboda haka tafin ƙafarsa ya yi ƙwari, fatarsa ta yi kauri, hancinsa kuma yana aiki sosai. Abin da ya rasa shi ne gudun da zai kamo zomo a fili.

Yadda al'adar ta samo asali

A ƙarshen ƙarni na 14, zamanin Sarki Richard na Biyu, an kafa doka a Ingila wadda ta hana duk wanda ƙasarsa ba ta kawo masa sule 40 a shekara ya ajiye girehawun ko wani karen farauta. A shekarar 1671 aka ƙara tsananta dokar, aka ce sai mai ƙasar da take kawo fam 100 a shekara ne yake da izinin farautar namun daji. Talaka mai iyali yana ganin zomaye suna kiwo a gonar mai gari, shi kuwa tukunyarsa babu nama. Wannan yana cikin dalilan da suka sa 'yan ƙwadagon gona da matafiya masu yawo da keken doki suka riƙa kiwon kare ruwa biyu, wanda suke kira laca. A ido yana kama da karen makiyayi mai buzu-buzun gashi, a fili kuwa yana da ƙafar girehawun. Mai farauta a ɓoye yana bukatar karen da ba ya haushi, wanda zai kama cikin dare ya kawo wa ubangidansa a hannu, ya kuma kwanta shiru idan mai gadi ya gifta, kuma tsantsar karen gudu bai haɗa waɗannan halaye duka ba.

Yau doka ta sake salo. Tun watan Fabrairu na 2005 an haramta korar zomon daji da karnuka a Ingila da Wales, an bar izinin kama ɓeraye da ƙaramin zomon nan mai haƙa rami idan mai gona ya yarda. Da yawa daga cikin waɗannan karnuka yanzu zaman gida suke yi.

Abin da ake samu da abin da ake rasawa

Babbar ribar haɗin ita ce jin magana. Ɗan girehawun da koli yana koyon amsa kira, da tsayawa, da tsallake shinge, da ɗauko abin da ya kama ya kawo ba tare da ya tattauna shi ba. Riba ta biyu ita ce dabara. Zomo ba da gudu kaɗai yake tsira ba, da zilliya yake tsira: yana bari kare ya matso har ya buɗe baki, sai ya karya kwana, karen ya zarce da nauyinsa, kafin ya juyo zomon ya ba shi rata. Tsantsar girehawun yakan faɗa wannan tarko sau da yawa a kora guda. Ruwa biyun da ya ƙware kuwa yakan rage gudu idan ya matso, ya lura da inda zomon yake nufa, ya shiga tsakaninsa da ramin ko kurmin da yake son faɗawa, wato dai aikin da kakansa yake yi wa tunkiyar da ta ɓalle daga garke. Bayan waɗannan akwai ƙarin juriya, da ƙwarin tafin ƙafa, da fatar da ba ta saurin yagewa, da hancin da zai tayar da abin da ya laɓe a ciyawa.

Asarar farko ita ce gudu, domin ɗan ba zai kai uwarsa girehawun ƙafa ba. Ta biyu kuwa masu kiwon irin sun daɗe suna kuka da ita, wato wayon da ya yi yawa. Wasu daga cikinsu idan sun girma sukan fara zaɓen korar da za su yi. Zomo ya tashi daga nesa, kare ya ɗaga kai ya dube shi, ya auna ya ga ba zai kamu ba, ya ci gaba da tafiyarsa. Haka kuma jinin koli ba ya ɗaukar duka da tsawa, wanda aka cika bugu yakan zama matsoraci har ya daina kawo abin da ya kama. Mutumin da ba shi da haƙurin koyarwa bai kamata ya nemi wannan iri ba, domin hankalin da ya biya kuɗi saboda shi zai koma masa abin takaici.

Ba kowane karen kiwo ne ya dace ba. Babban karen Jamus da ake gani wurin 'yan sanda da gidajen masu hali a biranenmu asalinsa na kiwo ne, kuma wasu sukan haɗa shi da karen gudu, amma 'ya'yan sukan yi nauyi, kuma irinsa yana yawan gadon ciwon ƙugu. Karen da ƙugunsa ya lalace ba ya kora.

Lissafin jini

Idan aka haɗa tsantsar girehawun da tsantsar koli, kowane kwikwiyo ya ɗauki rabi daga nan, rabi daga can, kuma 'yan ciki ɗaya sukan yi kama da juna gwargwado. Yawanci karyar ce take zama girehawun, saboda ita ce babba kuma haihuwa ta fi yi mata sauƙi. Idan aka ɗauki ɗaya daga cikin 'ya'yan aka sake haɗa shi da girehawun, jikokin za su zama kashi uku cikin huɗu jinin gudu, kashi ɗaya jinin kiwo. Masu farauta a buɗaɗɗen fili sun fi son wannan, masu farauta a ƙananan gonaki da ke da shinge da duwatsu kuma sun fi son rabi da rabi.

Wurin da mutane suke yin kuskure shi ne haɗa ruwa biyu da ruwa biyu. A lissafi 'ya'yan rabi da rabi ne, amma a zahiri gado yakan warwatse: cikin ciki guda a sami mai gudu marar jin magana, a sami mai jin magana marar gudu, a sami wanda ya kwaso aibin ɓangarorin duka. Barbara ba ta ƙirƙiro halin da babu shi a jikin iyaye. Saboda haka kafin a haɗa, sai mutum ya ga uwar da uban suna aiki da idonsa. Sunan iri da kyan gashi da labarin mai sayarwa ba su isa hujja ba.

A ƙasarmu

Koli karen ƙasar sanyi ne. Kare ba ya yin gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi, kuma mai kaurin gashi idan aka sa shi kora da tsakar rana a watan Afrilu a Sakkwato ko Damagaram yana iya faɗuwa ya mutu. Gashin nan kuma matattarar ƙarangiya ce da kaska. Wanda ya taɓa zama yana tsince ƙarangiya daga hammatar kare da tsakanin yatsunsa, ɗaya bayan ɗaya, tana sukar nasa yatsun, ya san abin da ake nufi. Girehawun na Ingila shi ma ba a yi shi don fako da marmara da tsidau ba. A ganina, kashe kuɗi wajen sayo waɗannan biyu daga waje don farauta a dajinmu asara ce.

Abin da ya dace a ɗauka shi ne dabarar, a yi aiki da ita a kan karnukan da ƙasar ta riga ta tace. Karen azawak, wanda ya ci sunan kwarin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali, yana da tsayin santimita 60 zuwa 74 a kafaɗa da nauyin kilo 15 zuwa 25, gashinsa gajere ne ƙwarai, yana jure zafi da ƙishirwa, kuma Abzinawa sun daɗe suna korar zomo da barewa da shi, yana kuma yi musu gadin zango da dabbobi. A ɗaya ɓangaren akwai karnukan ruga da na ƙauye da suke bin shanu da awaki, waɗanda suka saba da mutane da dabbobi da cututtukan wurin. A cikinsu akan sami mai natsuwa da amsa kira, kuma shi ne zai tsaya a matsayin koli. Sai dai a sani cewa azawak yana da ƙyuya ga baƙo, yana kuma da kafiya, don haka ɓangaren da za a haɗa shi da shi ya zama mai sanyin hali. A kuma kiyaye kada garin neman ruwa biyu a ɓatar da tsantsar irin, domin idan ya ƙare babu inda za a koma a ɗebo gudun.

Ga Musulmi jin maganar kare yana da wani muhimmanci na daban. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da dabbar farauta da aka horar ta kama, idan an ambaci sunan Allah, kuma malaman fiƙihu sun bayyana horarren kare da cewa shi ne wanda idan an aike shi yake tafiya, idan an tsawata masa yake tsayawa. Karen da ya tafi don kansa bai cika wannan sharaɗi ba, komai gudunsa.

Kula da uwa da 'ya'ya

Kada a haɗa karya a zuwanta na farko, a bari ta cika girma tukuna. Cikinta yana ɗaukar kwana 63 ko kusa da haka, kuma a makonnin ƙarshe a daina fita da ita daji, a ƙara mata abinci mai nama ko kifi, domin tuwo da ƙanzo kaɗai ba sa gina ƙashin ɗan kwikwiyo. A bar 'ya'yan da uwarsu har mako 8. Daga nan a fara koya musu amsa kira da ɗan abinci a hannu, a riƙa ratsawa da su cikin awaki da tumaki da kaji a ɗaure, ana kwaɓarsu duk lokacin da suka zabura, saboda jinin kiwo da jinin gudu duka suna son bin abin da ya ruga, kuma karen da ya kashe akuyar maƙwabci ya jawo wa ubangidansa biyan diyya da zaman gaban mai unguwa. Kora mai tsanani sai bayan ya shekara, lokacin da gaɓoɓinsa suka yi ƙwari, kuma da sassafe ko da yamma, da gorar ruwa a rataye.

Allurar riga-kafin haukan kare ana yin ta ne daga wata 3, a kuma maimaita kowace shekara. Karen farauta ya fi na gida bukatarta saboda yana cuɗanya da dila da sauran namun daji, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana cikin masu sarrafa maganin. Akwai gargaɗi guda da ya shafi jinin koli musamman: wasunsu suna gadon wani rauni da yake sa maganin ibamektin, wanda ake sayarwa a kasuwanninmu don tsutsa da ƙazwar dabbobi, ya taɓa musu ƙwaƙwalwa, kare ya kama rawar jiki da dalalar miyau, wani lokaci har ya mutu. Kada a yi wa irin wannan kare allurar shanu da ka, a kai shi wurin malamin dabbobi a gaya masa jinin da ke jikinsa. A kuma tuna cewa farauta haramun ce a gandun daji irin Yankari a Jihar Bauchi, kuma barewa ta yi ƙaranci a yawancin wuraren da aka san ta da.

Aikin aji

Kowane ɗalibi ya rubuta jimla biyar a kan halin wani karen farauta da ya sani, ya faɗi abin da karen yake da shi da abin da ya rasa, sannan ya faɗi irin abokin haɗin da zai nema masa. Bayan haka a lissafa tare a kan allo: idan an haɗa karya ranar 1 ga Nuwamba, a wace rana ake sa ran haihuwarta, kuma a wane wata za a kai 'ya'yan allurar farko?