Idon bakwaini: kurakuran da muke yi bayan an sallamo yaro

Ƴan uwa na Damagaram, in an haifi bakwaini hankalin kowa yana kan numfashi da nono da kilo ne, kuma gaskiya ne sai da rai ake komai, amma akwai abin da ake mantawa da shi har lokaci ya ƙure, wato ido.

A can bayan ido akwai wani tantani siriri, retina, shi ke karɓar haske ya aika wa ƙwaƙwalwa. Jijiyoyin jininsa suna fara tsirowa ne wajen sati 16 na ciki, daga tsakiya suna bazuwa, ba sa kai gefe sai dab da sati 40. To yaron da ya fito a wata bakwai aikin bai ƙare ba ke nan, jijiyoyin suna iya tsayawa, daga baya su tsiro barkatai su yi tabo, tabon ya ja tantanin ya ɗaye kamar yaɓen da ya saki bango. Wannan shi ne ciwon tantanin ido na bakwaini, matakai 5 gare shi, na farko-farko yawanci suna warkewa da kansu, na 4 da na 5 kuwa ɗayewar ce.

Babban kuskuren shi ne a leƙa idon a ce ai lafiya lau yake, ba ja ba kwantsa. Wallahi ciwon nan ba ya nunawa daga waje, ba ya sa kuka, ranar da kika hango fari a tsakiyar baƙin ido sau da yawa an riga an makara. Likitan ido ne kaɗai ke gani, sai ya ɗiga maganin buɗe ido ya haska can ciki. Duk jaririn da ya zo kafin sati 32 ko bai kai kilo 1 da rabi ba dole a duba shi, a ƙasashe irin namu ma har wanda ya ɗan fi haka in ya daɗe kan oksijin ko ya sha jinya.

Sai maganar arba'in, kuma nan ne ya fi damuna. Mai jego tana wanka, kaka ta ce ba inda za a kai ɗan mitsitsin yaro cikin ƙurar nan sai an yi arba'in, alhali dubawar farko wajen sati 4 da haihuwa ake son ta, kar ta wuce kwana 30. Iya, don Allah ki yi haƙuri a lulluɓe shi a je. Maigida kai ma kuɗin mota daga Miriya ko Magarya ko Tanut kar ya sa a ɗaga, don in ciwon ya kai matakin magani, aikin leza (wato aiki da hasken na'ura) ko allurar cikin ido, cikin kwana 2 zuwa 3 ake yi. Tun kafin sallama ku tambaya, yaushe za a duba masa ido kuma a ina, in sai an tura ku Yamai ko Kano ku sani da wuri. In an ba ku randebu na biyu ku koma, dubawa ɗaya ba ta isa.

Wasu kuma sun ji an ce oksijin ke makanta yara sai su ce a cire. A'a! Abin da ya makanta jarirai da yawa a Amurka da Turai a shekarun 1940 da 1950 oksijin ne ba awo, yau ana laƙa wa yaro ƴar na'ura a ƙafa ana auna oksijin ɗin, ku bar ma'aikata su daidaita, ku kar ku taɓa.

Kwalli da ɗiga nono a ido ba sa kaiwa inda ciwon yake, wani kwallin ma da darma a ciki. Nonon a ba shi ya sha, nan yake da amfani.

Ko an ce idon ya warke a ci gaba da sa ido, bakwaini sun fi saurin samun rashin ganin nesa da harara-garke. In yana kai abu dab da fuska ko ido ɗaya na karkacewa kar a ce zai miƙe da girma, a kai shi tun kafin ya shiga lekol, in tabarau aka rubuta a saya masa ya riƙa sawa, don idon da ya yi rauni bayan shekara 7 zuwa 8 gyaransa na wuya.