Yadda ake ƙera takobi irin na Romawa a kuma taurara shi

Takobin sojan Roma, wanda suke kira gladiyus, gajere ne mai kaifi biyu, tsawon ruwansa bai cika wuce santimita 60 ba. Maƙeransu sukan fara da narka tama da gawayi, su fitar da dunƙulen ƙarfe mai cike da datti, su yi ta dukansa a kan uwar maƙera har dattin ya fita. Ƙarfen da suka fi daraja shi ne na Norikum, ƙasar Austiriya ta yanzu. Mai koyo a yau ya sayi ƙarfe mai ƙarfi kawai, domin narka tama ta fi cin gawayi da kuɗi.

Bayan an miƙar da ruwan takobin an fitar da tsininsa, sai a zo ga tsomawa, wato saka ƙarfen da ya yi ja a cikin ruwa ko mai don ya taurare, kuma a nan na ga masu koyo da yawa sun yi asarar aikin mako guda. Kada a wasa bakin ya yi siriri kafin tsomawa, domin siririn baki shi ke fara tsagewa. A hura zuga-zugi a hankali, a riƙa juya ƙarfen da awartaki har ya yi jan garwashi daidai daga tsini zuwa gindi, kuma a yi wannan da magariba, saboda hasken rana yana ɓoye launin wuta. Daga nan a tsoma shi a tsaye, tsini a gaba, ba tare da karkacewa ba. Takobina na farko na kwantar da shi a ruwan sanyi, na ji wata 'yar ƙara a hannuna, da na fito da shi ya lanƙwashe, ga tsaga a tsakiya. Masanin Roma Filini ya rubuta cewa ƙananan kayan ƙarfe a mai ake tsoma su don kada ruwa ya sa su gautsi, kuma ni ma mai nake zaɓa. Bayan tsomawa a sake ɗumama shi kaɗan har ya yi launin busasshiyar ciyawa, sannan a wasa.

Sulken zobba da sojan Roma ke sawa tare da takobin kuwa, haɗa shi haƙuri yake ci. Ana jera zobba, layi ɗaya na waɗanda aka huda daga faifan ƙarfe, layi ɗaya na waɗanda aka rufe da 'yar ƙusa, kowane zobe yana riƙe da huɗu.