Yadda za ka gane gauraka, da inda za ka je ka kalle shi

Da yawan mutane duk tsuntsu mai dogon wuya da dogayen ƙafa in suka gani a fadama sai su ce gauraka ne, alhali sau tari zalɓe ne ko shamuwa. To fara da kallon wuya in ya tashi sama. Zalɓe da balbela lanƙwashe wuyansu suke yi su maido kai baya, gauraka kuwa miƙe wuya yake sambal, ƙafafu ma a miƙe ta baya. Shamuwa ita ma tana miƙe wuya, amma ita kusan ba ta da murya sai dai ta riƙa kaɗa baki, gauraka kam in ya yi kuka daga nesa za ka jiyo shi tun ba ka gan shi ba.

Kala 15 ne a duniya gaba ɗaya, kuma kowace nahiya akwai su banda Kudancin Amurka da Antaktika. Namu na nan yankin Sahel shi ne baƙin nan mai tukku ruwan zinare, daga Senegal har Habasha ake samunsa. Ka duba kumatunsa, sama fari ƙasa ja-ja, fuka-fukai kuma da fari sosai in ya buɗe su. Ɗan'uwansa mai ruwan toka shi ne wanda ke jikin tutar Yuganda, shi kumatunsa fari ya fi yawa, kuma jar fatar da ke reto a maƙogwaronsa ta fi ta namu girma. Su biyun nan kaɗai ne a dangin suke iya kwana a kan bishiya saboda suna da dogon yatsa ta baya da ke kama reshe, sauran duk a tsaye cikin ruwa mara zurfi suke kwana dan gudun dila da makamantansa. Wannan zai maka amfani, dan in ka gane bishiyar da suke kwana ka gama rabin aikin, sai ka riƙa zuwa da asuba ko dab da magariba.

Sai maganar lokaci, wanda nan ne mutane ke yin asarar kuɗin mota. Da damina gauraki rarrabuwa suke yi biyu-biyu, su shige can cikin ciyawar dausayi su yi sheƙa a ƙasa, mace da namiji suna karɓa-karɓa wajen kwanci na kusan kwana 30, a lokacin ganinsu sai an sha wuya, kuma gaskiya bai ma kamata ka matsa musu ba, in ka tashe su daga kan ƙwai hankaka na nan na jira. Da rani kake so, lokacin da ruwa ya janye ya rage 'yan tabkuna, nan suke taruwa garke guda. Gandun dajin Zakuma a Chadi daga Fabrairu zuwa Afrilu yana cikin wuraren da suka fi, sai fadamun Waza da Logon a arewacin Kamaru, sai bakin tabkin Tana a Habasha. Kafin ka nufi ɓangaren Waza dai ka tambayi yanayin tsaro tukuna. A Najeriya kuwa abin takaici ne, tsuntsun da ake ɗauka a matsayin alamar ƙasar amma ya kusa ƙarewa, dausayin Haɗeja da Nguru da bakin tabkin Chadi da aka san su da shi a da yanzu sai mai babban rabo ke gani, saboda kamun da ake musu ana sayarwa ana ajiyewa a gidajen masu hali, ga kuma fadamun da suka bushe ko aka mai da su gona.

In kana da halin fita waje lissafin ya canza. A Amurka watan Maris ake zuwa kogin Platte a jihar Nebraska, sama da gauraki 500,000 ke yada zango a wurin suna kiwo a gonakin masara kafin su wuce arewa. A Indiya akwai irin gaurakan da ake kira sarus, wanda ya fi duk tsuntsun da ke tashi tsawo, yana kai mita 1.8, a gonakin shinkafa na Uttar Pradesh yake yawo kusa da manoma ko a jikinsa. Ƙaramin cikin dangin kuma shi ke tsallake tsaunukan Himalaya ya sauka ƙauyen Khichan a Rajasthan inda mutanen gari ke zuba musu hatsi duk hunturu, wasu daga irinsa ma Sudan da Chadi suke zuwa cin rani. Na Japan mai jan kai yana tsibirin Hokkaido, cikin ƙanƙara ake kallonsa. Wanda kuma ke son ganin duka 15 a wuri ɗaya sai cibiyar kula da gauraki ta duniya da aka kafa 1973 a garin Baraboo, jihar Wiskonsin, amma fa a killace suke, ni a ganina bai kai ka ga guda biyu a fadama ba.

In ka isa wurin, ka sa kaya masu duhu ko ruwan ƙasa, banda farar shadda dan Allah, ka riƙe madubin hangen nesa, waya a sailent. In a mota kake ka zauna ciki, sun fi tsoron mutum a tsaye akan mota. Alamar da za ka kula da ita ita ce kai, muddin kawunansu na ƙasa suna tsintar fara da ƙwayar ciyawa to ba ka dame su ba, da ka ga duk sun ɗaga wuya lokaci ɗaya sun zuba maka ido to ka tsaya cak ko ka ja baya kaɗan, in ka ƙara taku biyu za su tashi.

Rawarsu ita ce abin jira, kuma ba lokacin neman aure kaɗai suke yi ba, 'ya'yansu ma suna yi, wani sa'in ɗaya ya fara sai sauran garken su kama, a rusuna a buɗe fuka-fuki a yi tsalle sama, wani ya ɗauki kara ya wurga. Da sanyin safiya an fi dacewa da ita, dan haka ka shirya kyamararka tun kafin rana ta fito, ka kashe filasha, kuma kar ka tura wani ya kora su wai dan ka samu hotonsu a sama.