Kurakuran da sababbin zuwa Jidda ke yi da takalmin sefti

Na gaji da ganin yaranmu suna ɗauka duk takalmin da ke da ƙarfe a baki ya zama sefti. Yaro ya danna bakin da babban yatsa, ya ji tauri, sai ya miƙa riyal. Ƙarfen nan yatsu kawai yake karewa idan bulo ko rodi ya faɗo. A wurin gini kuwa, wani abin da ke kama mutum daga ƙasa yake fitowa: ƙusar katakon da aka ɓamɓare bayan zuba kankare, an yar da shi, bakinta na kallon sama.

Ɗaga harshen takalmin ka karanta. In ka ga EN ISO 20345, wato lambar ƙa'idar takalmin sefti, tare da ajin S1P ko S3, akwai faranti a cikin tafin da ke tare ƙusa. SB, S1 da S2 ba su da shi. Ɗan ƙanwata da na samar wa aiki ya tafi da S1, ƙusa mai tsatsa ta ratsa tafin ta shige masa ƙafa. Allurar tetanus, ƙafa ta kumbura, makonni yana kwance ba yaumiyya, wato kuɗin aikin yini, kuɗin ɗaki da na magani duk a kaina. Tun lokacin ba na barin wanda na kawo ya shiga aiki sai na juya takalminsa na gani da idona.

Sai masu zuwa Haraj ɗin Sawarik, kasuwar gwanjo ta Jidda, neman arha. Haba samari! Yawancin waɗannan takalman tafinsu na PU ne, irin roba mai sauƙin nauyi, kuma danshi da zafi suna cin ta ko da ba a taka ba. Takalmin da ya shekara da shekaru a sito cikin danshin Jidda, sama sabo fil, amma kana fara aiki tafin zai riƙa marmashewa kamar busasshen burodi. Ka duba ranar ƙira a jikinsa, ka lanƙwasa tafin da hannu, in ya nuna tsaga ka ajiye. Na hannu kuwa ban yarda da shi ba sam, don ba ka san me ya taɓa faɗo wa bakinsa ba. Mai aikin kwalta ko walda ya nemi mai alamar HRO, tafinsa na jure zafin digiri 300 na minti guda. Kuma kafin ka taɓa aljihunka, dokar ƙwadago ta Saudiyya ta ɗora wa wanda ya ɗauke ka aiki samar da kayan kariya ba tare da ya cire a albashinka ba. Ka tambayi mudir, wato manaja, tukuna.

Kada ka take dunduniyar takalmi don saurin cirewa lokacin salla, ka kashe shi ke nan; ajiye silifas a jaka. Gwajin takalmin da za ka saya da la'asar ake yi, ƙafa ta riga ta buɗe, da safa mai kauri. Mai aikin lantarki ya sani S3 ba ya hana wuta kama mutum, nasa takalmin daban ne. Siminti kuma yana busar da fatar takalmi har ta tsage, ni kullum da yamma nake goge nawa da jiƙaƙƙen tsumma, in zare shimfiɗar ciki, in bar shi a inuwa inda iska ke bi. Ranar Juma'a in shafa masa man takalmi.